Ayo Bankole, ɗan Jos da ya sa fiyano magana da harshen gida

A shekarun 1930 kuza ce ke jan mutane zuwa Jos. Jirgin ƙasa ya riga ya iso garin, ya kwaso leburori daga Kano da Zazzau, da akawu da 'yan kasuwa daga kudu, kowa da addininsa da kiɗansa. A cikin wannan cakuɗa aka haifi Ayo Bankole ranar 17 ga Mayu, 1935. Mahaifinsa, Theophilus Bankole, shi ne mai kaɗa ogan kuma shugaban mawaƙa a cocin St. Luke na Angilikan, mahaifiyarsa kuwa malamar kiɗa ce. Gado ne, kamar yadda ɗan makaɗin kalangu ke tashi da gula a hannu.

Ya yi sakandare a Baptist Academy ta Legas, sannan ya kama aikin akawu a gidan rediyon gwamnati. A nan ya haɗu da makaɗi Fela Sowande, wanda ya riga ya yi suna a Landan, kuma ya riƙa zuwa babban cocin Christ da ke Marina yana ƙara sanin ogan a wurin T.K.E. Phillips. Wanda bai taɓa ganin ana kaɗa ogan ba zai ɗauka fiyano ce babba. Ba haka ba ne. Hannu biyu na kan jeri biyu ko uku na maɓallai, ƙafafu kuma na taka wasu dogayen katakai a ƙasa suna fitar da amo mai kauri, duk a lokaci guda.

A 1957 gwamnati ta tura shi makarantar kiɗa ta Guildhall a Landan. Shekarun nan ne suka fi albarka, kuma a nan ya kamata a daɗe. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta Nigerian Suite da Sonata ta biyu da ake kira The Passion, duka na fiyano, da waƙoƙi uku na Yarbanci, da Toccata and Fugue na ogan a 1960. Matsalar da ya tunkara kowane Bahaushe zai gane ta. Yarbanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na sauya ma'ana. 'Yan mishan sun ɗora kalmomin Yarbanci a kan karin waƙoƙin Ingila, sai murya ta hau inda ya kamata ta sauka, magana ta karkace. Phillips ya daɗe yana kuka da wannan. Bankole ya juya abin: karin harshe ne ke gaba, kiɗa na biye. A wasu wurare kuma yakan sa hannun hagu ya riƙe bugu ɗaya yana maimaitawa, irin aikin ganga. Abokin zamaninsa Akin Euba, shi ma haihuwar 1935, daga baya ya mayar da irin wannan salo aƙida guda.

Daga Guildhall ya wuce kwalejin Clare a Kambirij, ya kuma sami babbar shaidar FRCO ta masu ogan, wadda Sowande ya samu a 1943. Ya ɗan zauna a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas yana nazarin kiɗan gargajiya, ya dawo gida a 1966. Ya yi aiki a rediyo, ya koma koyarwa a Jami'ar Legas a 1969, yana kafa ƙungiyoyin mawaƙa, har na yara.

A ganina ƙasar ba ta san abin da za ta yi da shi ba. Madaba'un da ke buga rubutaccen kiɗa ba su da yawa, don haka ayyukansa da yawa suka tsaya a rubutun hannu. Ya shirya wata babbar waƙa ta mawaƙa da makaɗa domin bikin al'adu na FESTAC, amma bai ga bikin ba. Ranar 6 ga Nuwamba, 1976, wani ɗan ubansa ya kashe shi da matarsa a Legas, yana da shekara 41. An buɗe FESTAC a Janairun 1977.

Sai a 2018 Rebeca Omordia, makaɗiyar fiyano mai jinin Najeriya da Romaniya, ta naɗi Sonata ta biyu da Nigerian Suite a faifanta Ekele, ta kuma riƙa kaɗa su a Landan. Ɗansa, Ayo Bankole ƙarami, shi ma makaɗin fiyano ne a Legas.