Wanne Ne Mai Daɗi?

Shekara goma sha takwas na yi ina ba da hayar littattafan Hausa a wani ɗan shago na langa-langa a cikin birnin Kano, daga 1994 zuwa 2012, kuma babu tambayar da na sha kamar wannan: "Malam, wanne ne mai daɗi?" Yaro zai zo da littafi a naɗe cikin leda, ko yarinya ta zaro shi daga ƙarƙashin farantin tallarta, ta ce, "Wai in ji Anti a ba ta na biyun. In babu, a zaɓo mata wani mai daɗi, amma ban da mai kishiya." Ban taɓa ganin fuskar Antin nan ba. Amma na san ba ta son labarin da jaruma za ta mutu a ƙarshe, na san ta fi son na 'yan boko, na kuma san duk littafin da ta riƙe ya wuce kwana uku, to ya zaga gidan ne kaf har da maƙwabta.

Idan ana ba da tarihin rubutun zube na Hausa, marubuta ake lissafawa da shekarun da littattafansu suka fito. Hakan daidai ne. Ni dai abin da na gani da idona shi ne yadda littafi ke tafiya daga hannu zuwa hannu, kuma a ganina wannan tafiyar ce ta raya harkar, tun ba a san za ta rayu ba.

A gidanmu akwai wata akwatin ƙarfe ta mahaifina, cikinta akwai Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Uku na ƙarshen sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta ba mu har da Idon Matambayi, a kuma zamanin ne aka samu Jiki Magayi. Daga Zariya irin waɗannan littattafai suke fitowa, tun daga Hukumar Talifi, zuwa NORLA a shekarun 1950, zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Littattafai ne masu nauyi, har gobe ba a yi kamarsu ba. Sai dai hanyar da suke isowa ga mai karatu daga sama take. Hukuma ce ta zaɓa, ta sa a manhaja, malami ya ce a buɗe shafi kaza. Ba ka tambayar kowa wanne ne mai daɗi, domin duka-duka nawa suke? Wanda ya gama firamare ya riga ya san yawancinsu. Abin da ya fi kama da musayar ra'ayi a lokacin shi ne karatun dare a zaure, inda mai boko ɗaya zai karanta a fili, sauran su saurara suna gardama a kan wayon akun Magana Jari Ce.

Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo yara cikin aji, maza da mata, kafin shekara goma sai ga dubban matasa sun iya karanta Hausar boko, ba su da abin karantawa. Na biyu, tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta inda kuɗi yake tabbas. Kafin nan Hafsat Abdulwaheed ta riga ta nuna hanya da So Aljannar Duniya, wanda NNPC ta buga a 1980 tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Matasa suka ga ashe ana iya rubuta soyayyar zamani da Hausa. Da ba su sami mai buga musu ba, suka tara kuɗinsu suka nufi ƙananan maɗaba'u. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya saki In Da So Da Ƙauna, gari ya ɗauka.

To, waɗannan ba su cikin manhaja. Babu kamfanin da zai yi musu talla, babu malamin da zai tilasta a saya. Baki ne ya sayar da su.

Bari in kwatanta yadda aikin yake. Da safe zan tafi kasuwar Sabon Gari wurin dillalai in ga abin da ya fito. Sabon littafi kafin ya hau kanta sai na yi masa aiki: in ɗinke gindinsa da allura da zare, domin maƙalar maɗaba'a ba ta jure hannu goma, in lulluɓe bangon da selotef, in rubuta lamba a ciki da jan biro. Ina da babban littafin rajista mai layi huɗu: suna, unguwa, lambar littafi, ranar ɗauka. Kuɗin hayar kwana ɗaya bai kai na kwalbar lemo ba. Baƙon da ban sani ba sai ya ajiye jingina, ko ya zo da wanda zai tsaya masa. Yawancin sunayen da ke rajistar nan ba na masu karatun ba ne, na 'yan aikensu ne.

Ban iya karanta duk abin da nake bayarwa ba, ko da na so. Dattin littafi nake dubawa. Wanda ya dawo fes bayan kwana ɗaya, gefensa fari tas, an fara an ajiye ke nan. Wanda ya dawo da tabon manja, da kunnuwa a lanƙwashe, da ƙamshin turaren wuta, shi zan koma kasuwa in ƙaro kwafi uku. Sannan akwai rubutun gefe, wanda da farko yake ɓata mini rai har ina cin tara a kansa. Wata za ta rubuta a saman shafi, "Allah ya isa tsakanina da wannan uwar mijin." Wata da biro daban ta amsa a ƙasa, "Ke dai bari, ki kai na uku ki gani." A bangon ƙarshe kuma za ka tarar an rubuta, duk wadda ta ji daɗin wannan ta nemi wane, ya fi shi. Mata biyu da ba su san juna ba, wataƙila ɗaya a Yakasai ɗaya a Gwammaja, suna hira a gefen takardata. Da na gane littafin da aka yi wa irin wannan rubutu ya fi fita, na daina cin tara.

Gidan biki ma babbar kasuwa ce. A taru a ɗakin amarya, wata ta ce ta kwana ba ta runtsa ba saboda Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, washegari in ga yara biyar a ƙofar shago duk shi suke nema. 'Yan makarantar kwana kuwa, ranar komawa hutu sukan saye maimakon haya, kuma an sha ba ni labarin yadda ake farke littafi ɗaya kashi-kashi a ɗakin kwana, mai shafukan farko tana gamawa ta miƙa wa ta gaba, tocila a ƙarƙashin bargo. Akwai kuma tsofaffi da matan da ba su yi boko ba, waɗanda ake karanta wa bayan sallar isha'i. Su ma suna da ra'ayi, kuma nasu ya fi zafi.

Kada a ce mata ne kaɗai. Akwai wani tela a layinmu da kullum zai ce, "Na ƙanwata ne, ita ta aiko ni." Wata rana na ce masa na biyun bai fito ba, sai ya dafe kai ya ce, "Kai! To yanzu ya za a yi da yarinyar nan da aka kulle?" Daga ranar ya daina ambaton ƙanwa. Samari da yawa kuma littattafan yaƙi da aljanu suke bi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, su zauna a benci suna musu a kan wane sadauki ya fi wane, kamar masu gardamar ƙwallo.

Marubutan da kansu sun fahimci inda ƙarfinsu yake. Ƙungiyar Raina Kama, wadda su Ado Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat suke ciki, takan jera sunayen littattafan 'ya'yanta a cikin littattafansu, wanda ya gama ɗaya ya san na gaba da zai nema. Wasu kan buga wasiƙun masu karatu da adireshinsu. Gidajen rediyo suka shiga karanta littattafai kashi-kashi, duk wanda aka fara karantawa kuwa, a makon nan ba ya kwana a kantata. Fatake suna saye da yawa su wuce da su Katsina da Sakkwato da Jos, har Maraɗi da Damagaram.

A jami'a kuwa ana ta fafatawa a kanmu ba mu sani ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta ta da irin adabin kasuwar da aka yi a Onica, yana ganin ba za ta ɗore ba. Abdalla Uba Adamu ya tsaya mata, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu, musamman New Nigerian, a ƙarshen shekarun 1990. Da na karanta muhawarar daga baya, na ga kowa da gaskiyarsa. Littattafai da yawa da na ba da haya ba su da ƙa'idar rubutu, labarin an kwaso shi daga fim ɗin Indiya, an ja shi kamar ƙaro don ya kai littafi na uku. Mu masu haya da dillalai muna da hannu a wannan jan labarin, domin kashi uku ya fi kashi ɗaya kawo kuɗi. Kuma akwai hakkin da har yau yake damuna: kwafi ɗaya mutum hamsin su karanta, ni in karɓi kuɗi sau hamsin, marubuci sau ɗaya. Wani marubuci ya taɓa tsayawa a ƙofar shagona ya gaya mini haka a gaban mutane. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, da ba don hamsin ɗin nan ba, wa zai san sunanka har ya sayi na gaba?" Ya tafi bai gamsu ba. Ni ma ban gamsu da amsar tawa ba.

Amma inda na saba da masu suka shi ne zaton da suke yi cewa masu karatun nan ba sa tantancewa. Suna yi, kuma ba su da sassauci. Marubuciya ta yi littafi biyu marasa kai, na ukunta sai ya yi ƙura. Littattafan Balaraba kuwa, masu maganar auren dole da sakin wulaƙanci da karatun 'ya mace, sai da na sake sayen su sau da yawa saboda tsufa a hannu. Da Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012, na ce matan unguwarmu sun riga duniya yanke wannan hukunci da shekara ashirin.

A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa da aka karɓe a wata makarantar 'yan mata, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta matsa wa marubuta lamba a kan rajista da tace rubutu. Iyaye suka tsorata, wasu magidanta suka hana 'yan aike zuwa. Na kwashe waɗanda nake shakka na kai gida. Ciniki ya yi ƙasa na 'yan watanni, sannan ya dawo, sai dai daga nan a cikin hijabi aka riƙa ɓoye littafin maimakon leda.

Abin da wuta ba ta yi ba, waya ta yi. Finafinan bidiyo sun fara rage mana kasuwa, har marubuta da dama suka koma can, amma wayar hannu ce ta rufe shagon. Yau marubuciya tana sakin labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, mai so ta tura kuɗi a sa ta cikin rukuni, wasu kuma a YouTube suke sauraro ana karanta musu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta fito da sababbin marubuta mata da ba su taɓa taka maɗaba'a ba. 'Yata tana cikin irin waɗannan rukunoni, na leƙa wayarta rannan na ga wata ta rubuta, "Don Allah 'yan uwa wanne ne mai daɗi, na gama wanda nake yi." Cikin minti biyar an jero mata goma. Aikina ne suke yi, kuma sun fi ni sauri.

Damuwata ɗaya ce. Littattafan nan na shekarun 1980 da 1990 a takarda mai araha aka buga su, da yawa bugu ɗaya aka yi, marubutan wasu sun rasu, maɗaba'un sun rufe. Buhu huɗu na kwaso ranar da na rufe shago, gara ta cinye ɗaya kafin in farga. Sauran ina shanya su duk bayan damina. Na tabbata a gidaje da yawa akwai irinsu a ƙarƙashin gado ko a tsohuwar akwatin lefe, ana jiran ranar da za a ba mai ƙosai. Don Allah kada a ba ta. A kai ɗakin karatu na jami'a ko na jiha mafi kusa, ko a nemi ɗalibin Hausa ya ɗauki hotonsu shafi-shafi, har da rubutun gefen.

Hajiyar da ta aiko aka karɓar mata na ukun Allura Cikin Ruwa, mai lamba 212 da jan biro, har yau layinta a buɗe yake a rajistata. Na yafe kuɗin haya, littafin kawai nake so.