Kalmomi Goma Sha Shida: Yuraniyam na Nijar da Gardamar Yaƙin Iraki

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu duba jimla guda ɗaya daga cikin hujjojin da aka kawo kafin yaƙin Iraki na 2003, domin gardamar ko shugabanni sun yaudari jama'arsu ta daɗe tana kewaya ta.

Ranar 28 ga Janairu 2003 Shugaba George W. Bush ya yi jawabinsa na shekara a gaban Majalisar Amurka. A ciki ya ce gwamnatin Ingila ta gano cewa Saddam Husaini ya nemi yuraniyam mai yawa daga Afirka. A Turanci jimlar kalmomi goma sha shida ce. Ƙasar da aka fi dangantawa da zancen ita ce Nijar, wadda ake haƙar yuraniyam a Arlit da ke arewacinta.

Sai mu bi asalin maganar. Cikin Fabrairu 1999 jakadan Iraki a Batikan ya kai ziyara Yamai. Daga baya waɗansu takardu suka ɓulla a Italiya, masu nuna wai an ƙulla cinikin tan 500. Cikin Fabrairu 2002 hukumar leƙen asirin Amurka ta aiki tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai. Ya komo ya ce da wuya a yi irin wannan ciniki a ɓoye, tun da kamfanonin da ke haƙar suna ƙarƙashin kulawar Faransa. Ranar 7 ga Maris 2003 Muhammad al-Baradai, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Wata wasiƙa ta shekarar 2000 tana ɗauke da sa hannun ministan da ya bar kujerarsa tun 1989. Duk da haka aka fara yaƙi ranar 20 ga Maris.

Masu kare Bush suna cewa bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da Ingila ta faɗa ne kurum. Suna kafa hujja da rahoton Butler na 2004, wanda ya ce zargin Ingila yana da tushe, domin ya dogara ga ziyarar 1999 da waɗansu bayanai dabam da takardun jabun. Masu suka kuwa suna cewa a Oktoba 2002 hukumar leƙen asiri ta sa aka cire irin wannan magana daga jawabin Bush na Cincinnati, kuma Colin Powell bai ambace ta ba a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu 2003. Watau akwai waɗanda suka san maganar ba ta da ƙarfi. Cikin Yuli 2003 Fadar Shugaban ta amsa cewa bai kamata jimlar ta shiga jawabin ba.

A nan ilmin harshe yana da abin cewa. Bahaushe in ya ce “wai ya nemi yuraniyam”, ya wanke hannunsa daga zancen. In ya ce “an gano ya nema”, ya tabbatar da shi. Jimlar Bush ta haɗa biyun: ta jingina labarin ga Ingila, sa'an nan ta yi amfani da aikatau mai ɗauke da tabbaci. Mai sauraro ya ji tabbacin, mai magana kuwa ya bar wa kansa ƙofar fita.

Rahoton Duelfer na 2004 bai sami shaidar cewa Iraki ta nemi yuraniyam daga waje bayan 1991 ba. Rahoton Chilcot na 2016 ya ce gwamnatin Tony Blair ta gabatar da barazanar makaman Iraki da tabbacin da shaidar ba ta kai ba, amma bai ce an ƙaga ƙarya da gangan ba.

A ganinmu, tambayar “ya yi ƙarya?” ta yi ƙunci, domin tana neman abin da ke cikin zuciya, wanda takardu ba su cika nunawa ba. Abin da ɗan tarihi zai iya aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin shakkar da aka rubuta a ofis da tabbacin da aka furta a bainar jama'a. Malamin da ya koya wa ɗalibansa su riƙa tambayar wa ya ce, da kuma wace kalma ya zaɓa, ya ba su abin auna wannan tazara.