Jaridar da ake saye da kwabo ɗaya

A ƙarshen shekarar 1938 wata jita-jita ta karaɗe kasuwannin Arewa, cewa Turawan Ingila za su miƙa wa Jamus wasu daga cikin ƙasashen da suke mulka don Hitila ya haƙura da yaƙi, kuma wai har da Nijeriya a ciki. Maganar ba ta rasa makama ba, domin Kamaru da ke maƙwabtaka tana hannun Jamus har zuwa yaƙin duniya na farko, dattawa kuwa ba su manta ba. Gwamnatin 'yan mulkin mallaka ta duba ta ga ba ta da hanyar da za ta yi wa talakawa magana kai tsaye. Sai dai a aika wa sarki, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya sa sanƙira ya yi shela a kasuwa. A watan Janairu na 1939 aka fitar da fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya.

Kudu ta riga Arewa nesa ba kusa ba. Tun a 1859 Yarbawa suka sami Iwe Irohin a Abekuta, a 1937 kuma Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Ikko, tana caccakar gwamnati kullum. A Arewa an taɓa gwadawa a farkon shekarun 1930 da Jaridar Nijeriya Ta Arewa, mai harsuna uku, Hausa da Larabci da Ingilishi, amma sau 'yan kaɗan take fitowa a shekara, kuma galibi ma'aikatan En'e ke ganinta. Labarin da zai yi wata uku kafin ya iso, ai fatake sun riga sun kawo shi.

Gidan da ya ɗauki nauyin sabuwar jaridar shi ne Hukumar Talifi, wadda ta faro a matsayin Hukumar Fassara, tana ƙarƙashin Dokta Rupert East. East ya riga ya san wanda zai ba edita. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wani matashin malamin Makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya aiko da Ruwan Bagaja. Bayan haka aka aro shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Lokacin da ya hau kujerar edita bai kai shekara talatin ba, bai kuma taɓa aikin jarida ba. Babu ma wani Bahaushe da ya taɓa riƙe irin wannan kujera da zai je ya tambaya.

Abin da ya fi wuya a farko shi ne harshen kansa. Hausar da aka saba rubutawa ita ce ta waƙoƙin wa'azi da wasiƙun sarakuna, da ajami, sai kuma ta littattafan makaranta da boko. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara yadda za a ba da labarin majalisar Landan, ko jirgin ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin teku, ko kasafin kuɗin baitulmali, ta yadda manomi a Malumfashi zai gane in an karanta masa. Imam da abokan aikinsa suka riƙa ƙera kalmomi, wasu su aro su gyara musu zama, wasu su ɗauko daga bakin 'yan kasuwa. Ko rubutun ma bai gama tsayuwa ba. A daidai wannan lokaci ne aka daidaita kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a maimakon ɗigo da waƙafin sama da ake fama da su a da, jaridar kuwa ita ce ta kai su lungu-lungu. Salon nata ya yi fice har ya sami suna, ana ce masa Gaskiyanci. Wanda ya san Magana Jari Ce zai gane hannun: a jefa karin magana a tsakiyar labarin siyasa, a yi ba'a kaɗan, sannan a faɗi abin da ake son faɗa.

Sunan jaridar yana ɗauke da farashinta. Kwabo shi ne wannan kuɗin mai huji a tsaka, anini goma ke cikinsa, sha biyunsa kuma su ne sule. Da farko sau ɗaya take fitowa a wata, daga baya aka riƙa matso da kwanakin. Masu karatun boko a lokacin ƙalilan ne, saboda haka kwafi ɗaya kan zagaya unguwa. Malamin elementare ko magatakardan hakimi ya zauna a zaure bayan la'asar yana karantawa da ƙarfi, jama'a na saurare suna tsoma baki. Don masu karatun allo kuma aka fitar da 'Yar Gaskiya da ajami.

Wata takwas bayan fitowar farko yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. 'Ya'yan Arewa da dama sun shiga soja, an kai su Gabashin Afirka, daga baya Bama, iyaye da mata kuma suna son jin inda aka kwana. Wannan ya ƙara wa jaridar kasuwa, ya kuma cika wa gwamnati burinta na samun kakaki.

Sai dai akwai abin da ya wuce lissafin gwamnati, wato shafin wasiƙu. Da mutane suka ga ana iya rubuta wa edita a buga, har da suna da gari, sai takardu suka yi ta kwararowa: kukan haraji, halin wasu ma'aikatan En'e, batun karatun 'ya'ya mata, ƙarancin makarantu. A ƙasar da talaka ba ya ɗaga murya a gaban hakimi, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Imam ya kasance a tsaka mai wuya, ga Turawan da ke biyan albashi, ga sarakunan da ba sa son a taɓa su, ga matasan da suka fito daga Kwalejin Katsina suna ganin ana tafiyar hawainiya. Da 'yan jam'iyyar NEPU suka bayyana a 1950, da yawansu na kallon Gaskiya a matsayin jaridar hukuma, kuma ba a ce ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Duk da haka, a shafukanta ne mutanen Sakkwato da na Bauci da na Yola suka saba karanta ra'ayin juna.

A 1943 Imam ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Azikiwe, ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da maɗaba'arsa, a 1948 kuma ya fara buga Nigerian Citizen da Ingilishi. Ranar 1 ga Janairu 1966 New Nigerian ta maye gurbin Nigerian Citizen a Kaduna, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian. An daina kashe kwabo mai huji bayan zuwan naira a 1973, farashin jaridar ma ya daɗe da wuce kwabo, amma ba a taɓa sunan ba. Imam ya rasu a Zariya a 1981.