Yadda garuruwan Faransa ke taka wa manyan kantuna birki

A Faransa, mai kuɗi ba ya sayen fili a bakin gari ya gina katafaren kanti don kawai aljihunsa ya yarda. Sai ya samu izini na musamman, ban da takardar izinin gini da kowa ya sani. Tsarin ya haura shekara 50, kuma dalilinsa shi ne kada manyan kantuna su janye masu saye daga tsakiyar gari, su bar ƙananan ƴan kasuwa da shaguna a rufe.

Asalin dokar

A watan Yuni na 1963 kamfanin Carrefour ya buɗe katafaren kantinsa na farko a Sainte-Geneviève-des-Bois, kudu da Paris, mai faɗin murabba'in mita 2,500. Cikin shekara goma irinsa suka bazu a ƙasar, masu ƙananan shaguna kuwa suka shiga zanga-zanga. A Disamban 1973 majalisa ta amince da dokar Royer, wadda ta ci sunan Jean Royer, ministan kasuwanci kuma magajin garin Tours. Dokar ta ce duk kantin da wurin sayar da hajarsa ya wuce murabba'in mita 1,000 a garin da bai kai mutum 40,000 ba, ko 1,500 a garin da ya fi haka, sai kwamitin gunduma ya yarda.

Wannan ma'auni ya sha sauyi. Dokar Raffarin ta 1996 ta sauke shi zuwa mita 300, sannan dokar 2008 ta maido shi 1,000, inda yake har yau. Mita 1,000 daidai take da fili biyu da rabi, in kowane fili mita 20 ne tsawo da faɗi.

Wa ke yanke hukunci?

Kwamitin gunduma da ake kira CDAC ne ke duba takardun. Perfe ke shugabantar zaman amma ba ya jefa ƙuri'a. Masu ƙuri'a su ne zaɓaɓɓu, ciki har da magajin garin da za a yi ginin, da masana tsara gari da kare masu saye. Wanda hukuncin bai yi wa daɗi ba yana iya kai ƙara gaban kwamitin ƙasa, CNAC, daga nan sai kotu. A garin da bai kai mutum 20,000 ba, magajin gari na da damar tura wa kwamitin kanti mai mita 300 zuwa 1,000, ko da yake bai kai ma'aunin ba.

Kwamitin ba ya da ikon hana kanti don kawai zai kashe wa wasu kasuwa, saboda dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta haramta wannan hujja. Abin da yake dubawa shi ne cunkoson motoci, cin filin noma, muhalli, amfanin masu saye, da halin da tsakiyar gari zai shiga.

Abin da ke hannun ma'aikatar magajin gari

Na farko shi ne taswirar tsara gari, PLU a taƙaice, wadda ke fayyace inda aka yarda a yi kasuwanci da inda aka keɓe don gidaje ko gonaki. Tana kuma iya hana a mai da shagunan wani titi gidajen kwana ko ofisoshi. Na biyu, tun 2005 ma'aikatar na da haƙƙin riga kowa sayen shagon da aka sa a kasuwa a unguwar da ta shata, da sharaɗin ta sake miƙa shi ga wani ɗan kasuwa cikin shekara biyu. Na uku, dokar 2018 ta ba perfe ikon dakatar da duba takardun kantin bayan gari har tsawon shekara uku, in zai ɓata aikin farfaɗo da tsakiyar garin.

A Agustan 2021 dokar yanayi ta ƙara tsaurara lamarin: an hana sabon katafaren kanti a kan gona ko dajin da ba a taɓa gini ba. Ana iya sassauci ga wanda bai kai mita 10,000 ba kaɗai.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ra'ayi ya rabu. Binciken masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Francis Kramarz na 2002 ya nuna cewa a gundumomin da aka fi hana izini, ayyukan yi a fannin sun ragu, kamfanonin da suka riga suka kafu kuma sun ƙara riƙe kasuwa. Zargin cin hanci a kwamitocin farko ya sa aka sake musu fasali a 1993. Duk da dokokin, shaguna sun ci gaba da rufewa a matsakaitan garuruwa, har a 2018 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ceto tsakiyar garuruwa 222. Masu kare tsarin na cewa aƙalla ya ba zaɓaɓɓun gari bakin magana kafin a aza tubalin farko.