Wannan filin da ke jikin katangarka, na wa ne?

Makon jiya wani abokina ya kira ni cikin ɓacin rai. Akwai ɗan fili a jikin gidansa, bai fi ƙafa ashirin ba, tun da ya tare shekara goma sha biyu ke nan babu wanda ya taɓa zuwa ya ce nasa ne. Shi ya kwashe bolar wurin, shi ya dasa darbejiya, a nan yake ɗaure ragon layya. Da ya samu 'yan kuɗi sai ya kira magini ya ja katanga. Ba a yi kwana goma ba sai ga wasu matasa da takarda, wai na mahaifinsu ne da ya rasu, yanzu za a raba gado. Abin da ya ce min shi ne: "Malam, filin da ba shi da mai shi fa!"

Wannan maganar tasa ce ta sa na zauna rubutun nan. In ka bi tarihin ƙasar nan, da wuya ka sami zamanin da fili a cikin gari yake zaune babu mai shi.

Mu fara daga kafin zuwan Turawa. A ƙasar Hausa, baƙo in ya zo yana son wurin zama ko gona, wajen mai unguwa ko dagaci yake zuwa. A nuna masa wuri a gaban dattawa, a yi iyaka da itace ko kunya ko dutse. Gonar da aka bari ta huta, wato saura, kowa ya san ta gidan wane ce ko da ta cika da sabara. Kangon wanda ya yi ƙaura ma ba maƙwabci ke haɗe shi da gidansa ba. Idan an tabbatar mai shi ba zai dawo ba kuma babu magaji, hannun sarauta yake komawa, a ba wani. Sannan ga hurumi, filin da ake bari a gefen gari don kiwo da itace da maƙabarta, ga burtali na dabbobi. Waɗannan na kowa ne, shi ya sa ba na mutum ɗaya ba ne.

Bayan jihadin 1804, fiƙihun Malikiyya ya ƙara ƙarfi a hannun alƙalai, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman a kan hukuncin mallakar ƙasa. A nan ne mutane da yawa suke kafa hujja da batun raya matacciyar ƙasa, cewa wanda ya raya ta, ta zama tasa. Gaskiya ne akwai wannan babin. Amma Malikiyya sun raba abin biyu: dajin da ke nesa da gari kana iya raya shi ba tare da izini ba, wanda ke kusa da gari kuwa, inda mutane za su iya yin rigima a kansa, sai da izinin shugaba. Imam Abu Hanifa ma ya fi tsanantawa, shi ko'ina ne sai da izini. To, ina ga filin da ke tsakiyar unguwa?

Haka zancen shuf'a da wasu ke kawowa, wai maƙwabci ya fi kowa haƙƙi. A Malikiyya shuf'a ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba. Hanafiyya ne suka ba maƙwabci, kuma ko a wajensu haƙƙin saye ne da kuɗi idan mai abu zai sayar.

Sai Turawa. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Lugga ya tara manyan Sakkwato ya shaida musu cewa ikon da sarakuna suke da shi a kan ƙasa da haraji ya koma hannun Ingila. A 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka kafa kwamiti a Landan kan filayen Arewa, kuma daga rahotonsa aka yi dokar 1910. Dokar ta sa ƙasar Arewa gaba ɗaya a ƙarƙashin Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, abin da mutum zai samu shi ne haƙƙin zama da amfani. Aka sabunta ta a 1916. Da aka samu 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta yi tata dokar a 1962, amma a kan wannan tubalin dai ta ɗora.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: dokar amfani da ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, kusan tsarin Arewa ne aka shimfiɗa wa Najeriya duka. Ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin birni gwamna ke bayarwa, na karkara ƙaramar hukuma. Aka kuma saka ta cikin tsarin mulkin 1979 da na 1999, don haka gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. Ma'ana, filin da ka ga babu kowa a kai, ko dai na wani ne da bai gina ba, ko na jama'a ne, ko yana hannun gwamnati. Babu na huɗu.

Wani zai ce, to shekarun da na yi ina kula da wurin fa, sun tafi a banza? Ba lallai ba. A kotunan Musulunci akwai hauzi: idan mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana gini da rushewa kamar nasa, mai shi yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, to da'awarsa tana iya faɗuwa. Amma ku lura da sharuɗɗan. Mai shi ya kasance yana nan. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Idan aro ne ko jingina ko amana, hauzi ba ya aiki. Hanya da waƙafi kuwa, ko shekara nawa ka yi a kai ba sa zama naka.

A ɓangaren kotunan boko, a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili: tarihin gado, takardu ingantattu, ayyukan mallaka masu yawa na tsawon lokaci, daɗewa ana riƙe da wuri ana amfani da shi, sai kuma mallakar filin da ke maƙwabtaka da wanda ake rigima a kai. Wannan ta biyar ita ke ruɗar mutane. Alama ce kawai da alƙali zai duba idan yanayi ya nuna filayen biyu asalinsu ɗaya ne. Ranar da wani ya kawo hujjar da ta fi taka ƙarfi, maƙwabtakarka ba za ta tsinana maka komai ba.

Kuma mun ga yadda abin yake ƙarewa. Kududdufan Kano da aka cike aka yi gini, damina na zuwa ruwa yake biyo tsohuwar hanyarsa ya shiga ɗakunan mutane. Rusau na watan Yunin 2023, duk ɓangaren siyasar da kake, ya nuna cewa har masu takarda a hannu suna iya wayar gari cikin rigima idan ana jayayya kan asalin filin. To, ina ga wanda ba shi da ko fallen takarda?

Ga mai irin wannan fili a jikin gidansa, ga abin da zan ce. Ka fara da mai unguwa da tsofaffin unguwa, musamman a unguwannin awon igiya inda tarihin fili yake a kan mutane fiye da a fayil. Daga nan ka je ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a duba taswira a ga ko an taɓa ba wani, ko hanya ce, ko magudanar ruwa, ko wurin da aka ware wa makaranta. Idan yana da mai shi, ka neme shi ko magadansa ku yi ciniki a rubuce, da shaidu. Idan na gwamnati ne, ka rubuta neman a ƙara maka shi, a auna, ka biya, a shigar da shi cikin takardarka. Kafin nan kada ka aza ko bulo ɗaya.

Abokin nawa dai yanzu suna zaman sulhu a gaban mai unguwa. Magadan sun yarda su sayar masa, amma a farashin yau. Da ya yi cigiya shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da dattijon yake raye, da wataƙila ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba zai biya ba. Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ba kuɗin ba ne: cikin magadan akwai marayu ƙanana biyu, kuma saura ƙiris ya haɗa rabonsu da tsakar gidansa bai sani ba.

Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, Ya ba mu maƙwabta nagari, mu ma Ya sa mu zama nagari.