Gidajen Briarfield: Inda 'Yan Sanda Suka Koyi Tambayar Dalili

A shekarun 1960, aikin 'yan sanda a biranen Amurka ya ta'allaƙa ne a kan abubuwa uku: sintiri a mota, hanzarin amsa kira, da binciken laifi bayan an aikata shi. Tsakanin 1972 da 1973 aka gwada amfanin sintirin a birnin Kansas na jihar Misuri. Wasu unguwanni aka ƙara musu motoci, wasu aka janye musu sai in an kira, wasu kuma aka bar su yadda suke. Da aka tattara sakamako, yawan laifuka bai sauya ba, mazauna ma ba su lura da bambancin ba.

Wanda ya fi kowa fayyace inda gizo ke saƙar shi ne Herman Goldstein, malamin shari'a a Jami'ar Wiskonsin, wanda ya taɓa aiki da shugaban 'yan sandan Shikago. A wata maƙala da ya wallafa a 1979, ya nuna cewa hukumomin 'yan sanda sun shagala da motoci, rediyo da tsarin ofis, har sun manta da abin da aka kafa su dominsa. A ganinsa, kowane kira alama ce kawai ta wata matsala da ke kwance. Jami'in da ya je gida ɗaya sau goma yana rubuta rahoto ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

A tsakiyar shekarun 1980, birnin Newport News na jihar Bajiniya ya aiwatar da wannan tunani a ƙarƙashin shugaban 'yan sandansa, Darrel Stephens. Masu bincike John Eck da William Spelman suka bayyana matakai huɗu da aka bi: a gano matsalar da ke maimaituwa, a binciki tushenta, a ɗauki matakin da ya dace da ita, sannan a auna ko an samu sauyi.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na rukunin gidajen New Briarfield, gidajen katako sama da 400 da aka gina a 1942 domin ma'aikatan masana'antar jiragen ruwa. Babu inda ake fasa gidaje a birnin kamar nan. Maimakon ƙara sintiri, sai aka tura jami'i ya zauna da mazauna ya saurare su. Ya tarar lalacewar gidajen tana damunsu kamar yadda sata ke damunsu. Ƙofofi da tagogi sun ruɓe, kangayen da aka watsar kuma sun zama maɓoyar ɓarayi. 'Yan sanda suka jawo sauran hukumomin birni, aka kwashe shara, aka cike ramukan tituna, aka tsaftace harabar. Fasa gidaje ya ragu da kashi 35 cikin 100. Da irin wannan bincike, sata daga motocin da ake ajiyewa kusa da masana'antar ta ragu da fiye da rabi.

Abin lura a nan shi ne, yawancin maganin ba a hannun ɗan sanda yake ba. Nasa shi ne ya gane tushen matsalar, ya kuma haɗa waɗanda ke da ikon gyara ta. Mataki na biyu, wato bincike, shi ne mafi wuya, kuma shi aka fi tsallakewa a wuraren da suka kwaikwayi tsarin daga baya.

A Najeriya, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin 'yan sanda da al'umma. Tarihin Briarfield ya ba mu ma'aunin da za mu ɗora su a kai: wace matsala guda suka zaɓa a unguwa, me suka gano game da tushenta, kuma da nawa ta ragu bayan shekara?