DAGA MOTAR KARA ZUWA WAYAR HANNU: TARIHIN HUTUN YARANMU

Jama'a, an ba da hutu, iyaye sun fara cigiyar inda za a kai yara darasin hutu na kuɗi, wasu kuma an miƙa musu waya don a samu shiru a gida. Kafin mu biya, mu ɗan waiwayi baya.

A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, gida shi ne makarantar farko ta sana'a. Makarantar allo tana hutun Alhamis da Juma'a, amma hannun yaro ba ya hutu. Shi zai feƙe alƙalaminsa na gamba, ya haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ya wanke allonsa. Da kaka ya samu kara, ya raba ɓawo da totuwa ya ƙera mota. Da damina ya gina shanu da laka. Yarinya tana gefen kakarta tana koyon kaɗi da mazari da saƙar faifai, tana yi wa 'yar tsana ɗinki. Da dare a yi tatsuniya da kacici-kacici, da azumi a yi tashe. Awo da lissafi da haƙuri duk suna ciki, ba a biya ko kwabo ba.

Boko ma da ta zo ba ta raina wannan ba. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Lokacin Kazaure tana cikin Lardin Kano. Da gwamnatin Obasanjo ta kawo ilimin firamare kyauta a 1976, 'ya'yan talakawa suka cika azuzuwa, aikin hannu kuma ya ci gaba. Duk wanda ya yi firamare a wancan zamanin zai tuna kai tsintsiya ko igiya ko mafici a ƙarshen zango, a ba shi maki.

Daga 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda manufarsa ita ce yaro ya fito da sana'a. Aka shigo da injina daga waje, amma a makarantu da yawa suka lalace cikin akwatuna saboda rashin wuta da rashin malamai. A firamare kuwa, sannu a hankali aka koma karɓar kuɗi a madadin aikin hannu. A ganina nan ne ɓarnar ta fi girma, domin mun koya wa yaro cewa abin da ya kamata ya yi da hannunsa, ana iya sayensa.

Sai annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. Watanni yara suna gida, iyaye da yawa suka rasa abin da za su ba su sai talabijin da waya, alhali kara da laka da kaba suna nan inda kakanninmu suka bar su.

Ba ina cewa a jefar da littafi ba ne. Cewa nake a wannan hutun a ware ko da awa ɗaya kullum. Ɗan shekara huɗu ya ƙirga 'ya'yan tsamiya, ya yi gini da laka. Ɗan shekara bakwai ya tufka igiya, ya shuka wake a gwangwani yana auna tsayinsa duk mako yana rubutawa. Wuƙa da allura a yi su a gaban babba. A kai su wajen maƙeri ko maɗinkin hula na unguwa su ga yadda ake yi. Sannan a zaunar da su gaban tsofaffi tun suna raye, domin in suka tafi, da ilimin za su tafi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wace sana'a kuka koya a gida kuna yara, kuma 'ya'yanku sun iya ta?

Allah Ya raya mana su bisa tafarki na gari, amin.